Binciken da aka yi a kan marasa lafiya Sinawa: wanne ne nasu kaɗai, wanne ne ya shafi kowa?

Talba_Famasi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga likitoci ce da masu ɗakin gwaji. A takardar da ke cikin kwalin carbamazepine, maganin farfaɗiya, akwai gargaɗin a yi gwajin wani nau'in ƙwayar gado mai suna HLA-B*15:02 kafin a ba wa wanda asalinsa daga Asiya yake. A allopurinol, maganin ciwon gaɓa na gawut, ana maganar HLA-B*58:01. Clopidogrel kuma, mai hana jini gudaji, an ce fiye da rabin Sinawa jikinsu ba ya sarrafa shi sosai. Galibin hujjojin nan daga marasa lafiya Sinawa aka samo su. Ni dai a ganina abin nasu ne, gadonsu daban, namu daban, babu abin da za mu tsinta a ciki. Akwai mai ganin akasin haka?

LikitanKwakwalwa:
Wa alaikumus salam Malam Talba. A kan carbamazepine kana da gaskiya rabi. A 2004 Chung Wen-Hung da abokan aikinsa a Taiwan suka duba Sinawan ƙabilar Han 44 da maganin ya jawo wa cutar Stevens-Johnson, wato saɓulewar fata da gyambon baki da idanu. Dukkansu 44 suna ɗauke da HLA-B*15:02. A cikin mutum 101 da suka sha maganin lafiya lau, 3 ne kawai ke da shi. Da wuya a ga alaƙa mai ƙarfi irin wannan tsakanin magani da ƙwayar gado. A ƙarshen 2007 FDA, hukumar magunguna ta Amurka, ta sa gargaɗin da kake gani a kwali.

Sai suka gwada abin a aikace. An tara mutum 4,877 daga asibitoci 23 na Taiwan, aka gwada jininsu kafin a fara magani. Kashi 7.7 cikin ɗari suna da shi, aka ba su wani maganin. Sauran suka sha carbamazepine, ko mutum ɗaya bai kamu da cutar ba, alhali a lissafin shekarun baya ana sa ran wajen mutum 10. An wallafa wannan a 2011. Wannan nau'in kuwa da ƙyar ake samunsa a Afirka, saboda haka gwada Bahaushe a kansa ɓarnar kuɗi ce.

Mai_Dakin_Gwaji:
Ƙari a kan maganar Likita: ko a cikin Sin ɗin ba ɗaya suke ba. HLA-B*15:02 ya fi yawa a kudu, wajen Guangdong da Guangxi da Hong Kong, yana raguwa in aka nausa arewa. Ya yi yawa a Tailan da Malesiya da Filifin, amma a Japan da Koriya bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. A Japan da Turai HLA-A*31:01 ne aka fi kamawa da laifin illar carbamazepine a fata. In takarda ta ce "marasa lafiya Sinawa", fara duba lardin da aka ɗebo su.

Hajiya_Kididdiga:
Ku bari in kawo abin da ya faru a Hong Kong, don shi ne ɓangaren da ba a cika faɗa ba. A 2008 asibitocin gwamnati suka wajabta gwajin kafin a rubuta carbamazepine. Likitoci suka ga jiran sakamako ɓata lokaci ne, sai suka kusan daina rubuta shi gaba ɗaya. A cikin sababbin masu fara maganin farfaɗiya, masu samun carbamazepine suka faɗo daga kashi 16.2 zuwa 2.6. Cutar fatar da yake jawowa ta ɓace. Amma an koma phenytoin, wadda ba a ce a yi mata gwaji ba, ita kuma tata illar ta tashi daga kashi 0.15 zuwa 0.26. Da aka haɗa jimilla, yawan masu kamuwa bai sauya ba. Gwajin bai yi ƙarya ba, tsarin ne bai yi la'akari da halin mai rubuta magani ba.

Talba_Famasi:
To ai kin ƙarfafa maganata, Hajiya. Ko a can ma bai tsinana ba.

Hajiya_Kididdiga:
A'a Malam. A Taiwan ya yi aiki. Bambancin a yadda aka aiwatar ne.

Sista_Rakiya_Ward3:
Ko babu gwaji akwai abin ɗauka. Lokacin haɗarin shi ne makonni takwas na farko, wanda ya yi wata uku yana sha lafiya da wuya ya kamu. Alamun farko ba a fata suke ba: zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, jan ido da raɗaɗi, gyambo a leɓe ko al'aura, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku ƙuraje su fito. Inda ake yin asara shi ne a ɗauka maleriya ce ko baƙon dauro, a ci gaba da shan maganin. A tsayar da shi ranar da aka ga alama. Kada a maye shi da phenytoin ko phenobarbital ko oxcarbazepine, danginsa ne. An fi komawa levetiracetam. Valproate ma zaɓi ne, amma ban da mace mai iya ɗaukar ciki. Idan fatar da ta saɓule ta wuce kashi 30 na jiki, an shiga matakin da ake kira TEN, kuma yana iya kashe kusan mutum uku cikin goma.

Dr_Gabobi:
Malam Talba, a allopurinol ne maganarka ta karye. Su dai mutanen Taiwan ɗin ne suka gano a 2005: mutum 51 da allopurinol ya yi wa mummunar illa a fata, duka suna da HLA-B*58:01. Sai dai shi wannan bai tsaya a Asiya ba, yana nan a baƙar fata. Shi ya sa ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka, a ƙa'idarta ta 2020, ta ba da shawarar a gwada Sinawan Han da Koriyawa da mutanen Tailan, da kuma baƙaƙen fatar Amurka, kafin a fara maganin gawut.

Inda ba a iya gwajin, ga abin yi. A fara da miligiram 100 a rana ko ƙasa da haka, ba 300 da aka saba ba. Mai ciwon ƙoda a fara masa da 50, domin oxypurinol, abin da maganin ke rikiɗa ya zama a jiki, ta ƙoda yake fita, in ta yi rauni sai ya taru. A riƙa ƙarawa duk bayan mako biyu zuwa biyar ana auna sinadarin yurik har ya sauko ƙasa da 6. Babban kuskure kuma shi ne ba wa mutum allopurinol don kawai gwaji ya nuna yurik ya hau, ba shi da ciwon gaɓa ba shi da tsakuwar ƙoda. An jefa shi cikin haɗari ba riba.

Mai_Dakin_Gwaji:
A lura kuma, wajen ɗaya cikin biyar na Sinawan Han a Taiwan suna da B*58:01, amma ƙalilan ne daga cikinsu za su kamu in sun sha. Amfanin gwajin ya fi ƙarfi in ya fito babu.

DanBorno_HIV:
Hanyar da suka bi ita ce abin koyi, ba sunan ƙwayar gadon ba. An bi irin wannan tsari a Malawi a kan nevirapine, maganin HIV, aka samu alaƙa da HLA-C*04:01. Magungunan da suka fi saɓule fatar mutane a wajenmu ai su nevirapine ne da cotrimoxazole da sauran dangin salfa.

LikitanKwakwalwa:
Mu koma kan clopidogrel, don nan ne binciken Sin ya sauya aikin kowa a duniya. Gwajin CHANCE, wanda Wang Yongjun na asibitin Tiantan da ke Beijing ya jagoranta, an wallafa shi a 2013. Mutum 5,170 a cibiyoyi 114, duk masu ƙaramar shanyewar ɓarin jiki ko alamarta da ta zo ta wuce, an fara musu magani cikin awa 24. Rukuni ɗaya asfirin kaɗai. Ɗayan clopidogrel miligiram 300 a ranar farko, sannan 75 kullum har kwana 90, haɗe da asfirin 75 na kwana 21 na farko kawai. A kwana 90, shanyewa ta sake bugun kashi 8.2 na masu haɗin, da kashi 11.7 na masu asfirin kaɗai. Zubar jini mai tsanani ba ta ƙaru ba.

Lokacin mutane da dama sun faɗi irin abin da Malam Talba ya faɗa, wai na Sinawa ne. Sai gwajin POINT da aka yi galibi a Amurka ya fito a 2018 ya tabbatar da amfanin. Amma su sun ba da 600 a ranar farko, suka ci gaba da haɗin har kwana 90, zubar jini mai tsanani ta kai kashi 0.9 maimakon 0.4. Da aka zauna aka duba, kusan duk ribar a makonni uku na farko take. Kwana 21 ɗin da ake bi yanzu a ko'ina daga Beijing ya fito.

Talba_Famasi:
Ranka ya daɗe, to ina maganar cewa jikinsu ba ya sarrafa shi?

LikitanKwakwalwa:
Clopidogrel ba ya aiki sai hanta ta juya shi, kuma sinadarin CYP2C19 ne kan gaba a wannan juyin. An gwada 2,933 daga cikin mutanen CHANCE, kashi 58.8 suna da nau'in *2 ko *3 mai rauni. A marasa raunin, haɗin ya rage shanyewa daga 12.4 zuwa 6.7. A masu raunin, daga 10.8 zuwa 9.4 ne kawai, wanda bai isa a kira shi bambanci ba. Shi ya haifi CHANCE-2 a 2021: ana goge cikin kunci da auduga, na'ura ta ba da sakamako cikin abin da bai kai awa biyu ba, aka zaɓi masu raunin zalla, mutum 6,412. Ticagrelor, wani maganin hana gudaji da ba ya buƙatar wannan juyin, miligiram 180 sannan 90 sau biyu a rana, ya ba da sake shanyewa kashi 6.0, clopidogrel 7.6. Ƙananan zubar jini sun ninka da ticagrelor, manyan ba su bambanta ba.

Hajiya_Kididdiga:
Ku lura da abin da wannan ke nufi. In maganin ya yi nasara a al'ummar da kusan shida cikin goma ba sa juya shi sosai, to a inda masu raunin ba su kai haka ba ya kamata ribar ta fi. Nau'in *3 kusan sai gabashin Asiya, *2 kuwa yana Turai da Afirka, sai dai bai kai yawan na Sin ba.

Dr_Hoto_Zaria:
Kafin kowa ya ruga ya haɗa asfirin da clopidogrel: a CHANCE ba a sa kowa ba sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar ba jini ne ya fashe ba. Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana, da Kano da Zariya a cikin cibiyoyinsa, ya nuna kusan ɗaya cikin uku na shanyewar da aka gani fashewar jijiya ce. Ba wa irin wannan mutum haɗin nan ba tare da hoto ba ƙara masa zuba ne. Sannan "ƙarama" tana da ma'auni, maki 3 ko ƙasa a sikelin NIHSS na auna tsananin shanyewa. Wanda ɓarinsa ya mutu gaba ɗaya ba ya cikin waɗanda aka gwada.

Famasis_Maryam:
Kuma a guji haɗa clopidogrel da magungunan gyambon ciki omeprazole ko esomeprazole, suna danne CYP2C19 ɗin. In dole sai an kare ciki, pantoprazole.

Shakku_Dai:
Ni matsalata ba gado ba ce, amana ce. A 2015 hukumar magunguna ta Sin da kanta ta umarci kamfanoni su sake duba bayanan buƙatun rajista 1,622, aka janye ko aka yi watsi da mafi yawansu. Ga kuma He Jiankui da ya taɓa ƙwayoyin gadon jarirai a 2018. Ta yaya za a yarda da alƙalumansu?

Hajiya_Kididdiga:
Malam Shakku, abin 2015 gaskiya ne, amma hukumarsu ce ta tono shi, kuma galibi bayanan rajistar kamfanoni ne. A 2017 suka shiga ICH, majalisar da ke daidaita ƙa'idojin gwajin magani tsakanin ƙasashe. He Jiankui kuwa kotunsu ta ɗaure shi shekara uku a 2019. Ba ƙasa ake aunawa ba, takarda ake aunawa: an yi rajistar gwajin kafin a fara? An raba mutane ta ƙuri'a? Likita da mara lafiya sun san wa ke shan me? Mutum nawa suka ɓace kafin ƙarshe? Wani ya maimaita a wani wuri? CHANCE ya haye duka.

Abin da na fi tsoro a ƙananan binciken gado, na Sin ko na ko'ina, shi ne a ɗebo marasa lafiya daga Guangzhou a kwatanta su da masu lafiya daga Beijing. Tun 2009 aka nuna Han na arewa da na kudu sun bambanta a gado daki-daki. Sai ka "gano" ƙwayar cuta, alhali ƙwayar lardi ka gano.

Dr_Sankara:
Tambayar Malam Talba ita FDA ta yi wa kanta a 2022 a kan sintilimab, maganin sankarar huhu. Gwajin ORIENT-11 a Sin kaɗai aka yi shi, mutum 397. Kwamitin masu ba ta shawara ya kaɗa ƙuri'a 14 da 1 cewa sai an ƙara wani gwajin. Dalilansu: mutanen ba su wakilci marasa lafiyar Amurka ba, kuma an kwatanta shi da maganin da Amurka ta riga ta wuce. Amma a 2023 hukumar ta amince da toripalimab don sankarar bayan hanci da bayanan da kusan duk daga Sin da maƙwabtanta suke, domin cutar a kudancin Sin ta yi katutu, a Amurka ba za a tara isassun mutane ba.

Misalin da ya fi dacewa da muhawarar nan shi ne IPASS na Tony Mok, 2009. An daɗe ana lura cewa gefitinib, maganin sankarar huhu, ya fi yi wa matan Asiya marasa shan taba aiki. Aka tara mutum 1,217 a gabashin Asiya, aka kwatanta gefitinib 250 a rana da carboplatin da paclitaxel. A cikin 437 da aka iya gwada ƙarinsu, 261 suna da sauyi a ƙwayar gadon EGFR. Ga waɗannan, gefitinib ya rage haɗarin ci gaban cutar da kusan rabi. Ga marasa sauyin, duk da cewa su ma 'yan Asiya ne marasa shan taba, haɗarin ya kusa ninka uku in aka kwatanta da masu ɗaya maganin. Ashe ba zama ɗan Asiya ne ke aiki ba, sauyin ne. Ya fi yawa a can, wajen rabin masu irin wannan sankarar, a Turai kuwa kashi 10 zuwa 15. Duk wanda ƙarinsa ke da shi zai amfana, ko daga ina yake.

Mai_Dakin_Gwaji:
A bambanta wannan da na HLA. Sauyin EGFR a cikin ƙarin yake, ba a gadonsa daga iyaye, saboda haka tsokar ƙarin ake gwadawa. Inda ake lalata samfur: a bar shi a fomalin fiye da kwana uku, ko a yi amfani da fomalin da ba a daidaita tsaminsa ba, ko a jiƙa samfurin ƙashi a ruwan asid mai ƙarfi. DNA ta farfashe, sakamako ya fito babu alhali akwai. Fomalin kashi 10, awa 6 zuwa 72, shi ne ƙa'ida.

Famasis_Maryam:
Akwai inda kwafar Sin za ta cutar kai tsaye: warfarin, maganin hana jini daskarewa. Wajen tara cikin goma na ƙwayoyin gadon VKORC1 a Sinawa nau'in da ke sa saurin jin maganin ne, shi ya sa miligiram 3 a rana ke isar da yawansu. Turawa wajen 5, baƙar fata sukan buƙaci fiye da haka. Ko lissafin Turawa ma bai dace da mu ba. A gwajin COAG na 2013, baƙaƙen fata da aka tsara wa magani da lissafin gado sun fi waɗanda aka bi hanyar asibiti fita daga ma'aunin INR na daskarewar jini, saboda lissafin bai san da nau'ikan gadon CYP2C9 *5 da *6 da *8 da *11 na Afirka ba.

LikitanYara_Maradi:
Haka ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini daga fashewa. Suna ɗaya, nau'i daban. A Guangdong da Guangxi da Hainan nau'ikan da ake kira Canton da Kaiping ne suka fi yawa, namu kuwa A- ne. A namu, sababbin ƙwayoyin jini suna da isasshen sinadarin, sai fashewar ta lafa da kanta bayan tsofaffin sun ƙare. A Canton har sababbin ba su da shi sosai, fashewar ta fi tsanani. Amma kada a ce namu ba ya kisa, cutar shawara a jarirai tana lalata ƙwaƙwalwa a nan da can, kuma kafur da ake sa wa cikin kayan jariri yana tayar da ita. Kuskuren gwaji iri ɗaya ne: in aka auna ana tsakiyar fashewa ko bayan ƙarin jini, sai ya fito lafiya. A maimaita bayan wata uku.

Abin da nake so a kwaikaya daga Beijing shi ne na kurumta. Tun 2012 suke gwada jarirai a kan ƙwayoyin gado huɗu, ciki har da MT-RNR1. Mai sauyin 1555 a wannan yana iya kurumcewa da allurar gentamicin ko streptomycin ko da an ba da daidai ƙima. Ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. Tambaya ɗaya ba ta cin ko sisi: a dangin mahaifiya akwai wanda ya daina ji bayan allura? In akwai, a nemi wani maganin muddin akwai zaɓi.

Talba_Famasi:
Allah ya ƙara basira. Na karɓi na allopurinol da kwana 21 da tambayar dangin uwa. Amma har yanzu ina nan a kan cewa gwaje-gwajen kansu ba namu ba ne. Wanda ke neman kuɗin hoton ƙwaƙwalwa ba za ka ce masa ya yi CYP2C19 ba.

Dr_Gabobi:
A CYP2C19 ina tare da kai. A B*58:01 ga mai ciwon ƙoda da zai sha allopurinol shekara da shekaru, ban yarda ba. Sau ɗaya ake yinsa a rayuwa.

Shakku_Dai:
Sau ɗaya a wane ɗakin gwaji, Dakta? Kuma wa ya ƙirga yawan masu B*58:01 a Hausawa da Fulani da Kanuri, balle a san ko alaƙar ta kai ƙarfin ta Taiwan? Ko a Turai an ga wajen rabin masu illar ne kawai ke da shi.

Mai_Dakin_Gwaji:
Ta fuskar kayan aiki ba wuya. Jini mililita 2 zuwa 3 a kwalbar EDTA mai murfi shuɗi-ja, ba ta heparin ba don tana hana PCR, gwajin ninka DNA, tashi. A ajiye a sanyin digiri 4 in za a aika cikin mako, kada a daskarar a narkar a sake daskararwa. Duk ɗakin da ke da injin PCR na auna ƙwayar cutar hanta ko HIV zai iya. Matsalar ita ce kayan gwajin da aka ƙera don Asiya wasu ba B*58:01 ɗin suke nema kai tsaye ba, wata alama ce da ke tafiya tare da shi a Sinawa da Japanawa. A Afirka alamar na iya rabuwa da shi, ga kuma B*58:02 da ke da yawa a baƙar fata, mai kama da shi ƙwarai. Kafin a sayi kowane kit, a tambayi kamfanin ko an tabbatar da shi a samfurin 'yan Afirka, kuma ko yana raba 58:01 da 58:02.

Hajiya_Kididdiga:
Dr_Gabobi, a ƙa'idar 2020 ɗin shawarar gwajin mai sharaɗi ce ko mai ƙarfi? Don hakan zai sauya yadda za a kai maganar gaban kwamitin magunguna na asibiti.

Dr_Gabobi:
Mai sharaɗi ce, Hajiya. Wadda suka yi da ƙarfi ita ce ta fara magani da ƙaramar ƙima.